Ruwan Wankana Yana Hannun Maƙwabciyata

Malama Lorraine, ki taimake ni kafin sabulu ya makantar da ni.

Ni mutumin tsibirin Newfoundland ne. Aiki ya jefo ni wannan gari na lardin Alberta, babu teku, babu kifin kirki, sai sababbin gidaje da ke tsirowa kamar ciyawa. Bututan unguwarmu sun tsufa, hukumar gari ta haƙe titinmu za ta sa manya. Kafin su gama, sun jona gida da gida da tiyo. Ruwana yanzu ta famfon bayan gidan maƙwabciyata Madam Halvorsen yake biyowa.

Ita ce tsohuwar da ta miƙe a taron gari ta ce mu baƙi ne muka fasa bututan da yawan wanka, kuma ni take kallo. Tun ranar ko gaisuwa ba ma yi. A gaskiya ba duka ta yi ƙarya ba. Mun yi yawa, ni kaina na gaji da mu.

To sanyi ya fara. Kullum da yamma sai ta fito ta murɗe famfon nan, wai haka marigayi mijinta yake yi don kada ya daskare ya fashe. Sai hantsi take buɗewa, ni kuwa da sassafe nake fita. Ɗan abin da ya rage a tiyo yakan isa in jiƙa kai in goga sabulu, shi ke nan. Jiya da ragowar ruwan buta na ɗauraye. A wurin aiki har sun raɗa min suna Kumfa.

Shugaban masu haƙa ya ce in kai ƙara, su zo su sa wa famfon kwaɗo don ta daina rufewa. Ba na son a sa wa tsohuwa kwaɗo a gidanta. Ba na kuma son ƙwanƙwasa ƙofarta. Ko in tsallaka shinge in buɗe da kaina? Tana da kare.

Mai Kumfa a Ka

Malam Mai Kumfa,

Shinge dai ka bar shi, karen nan aikinsa yake yi. Kwaɗo ma ka bar shi. Tiyo na ɗan lokaci ne, maƙwabtaka kuwa tana nan bayan an rufe rami.

Kana da gaskiya, wanka ba alfarma ba ne. Ita ma tsoronta ba na banza ba ne: in famfon ya fashe, gidanta ruwa zai ci, ba naka ba. Kuma daga wasiƙarka ban ga inda wani ya gaya mata me murɗawar nan take yi maka ba.

Ka sayi abin naɗe famfo mai hana shi daskarewa, ka ɗauki ɗaya daga cikin masu haƙan ya yi mata bayani, tunda ba za ta yarda da bakin baƙo ba. Ka ƙwanƙwasa, ka gaishe ta, ka naɗe da hannunka tana kallo. Za ta ce ba haka mijinta yake yi ba. Ka tambaye ta yadda yake yi, ka tsaya ka saurara har ƙarshe, ko da ƙafarka ta yi sanyi.

Allah ya ba ka haƙuri da ruwan ɗumi.

Lorraine