Takin da Ka Aiko Ya Ƙone Hatsin Inna

Zuwa ga Yayana Lawali, a wurin haƙar zinariya can Jado ko duk inda ka gangara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto a nan fili ne don lambarka ta daina shiga tun kafin ruwan shuka. Wataƙila cikin masu karantawa a samu wanda ya san inda kake.

Buhun takin zamanin da ka sa abokinka ya saya a Tasawa ya iso Maijirgi a amalanke. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ya ƙone rabin gonar Inna, kuma ba laifinka ba ne.

Ka san Inna da abin da ya fito daga hannunka. Malamin gona ya ce abin da yatsu uku suka ɗauka ya ishi rami guda. Ita kuwa ta ce kayan ɗanta ba a yi masa rowa. Cike da tafi ta riƙa zubawa, iri da taki wuri ɗaya. Ni ina lakwal a Tasawa lokacin, makarantar da nake koyarwa, ban sani ba. Aka yi ruwa, hatsi ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Na maƙwabta ya jure, nata ya yi yaushi ya bushe daga baki.

Tun daga nan ta ƙulla a ranta cewa alama ce. Wai tunda taki naka ne, shuka ta mutu, waya kuma ta yi shiru, to wani abu ya same ka. Fura kaɗai take kurɓa, zanenta har ya fara yi mata yawa.

Kai ka riƙa tsokanata da cewa an kai ni boko don in leƙa fatar albasa. To ga ranar fatar albasa ta zo. Saiwar hatsi, kamar jikina da naka, ƙananan ƙwayoyin halitta ne jere, ido ba ya ganinsu sai da mikroskop. A jikin shuka, kowace tana da bango mai tauri a waje. Daga ciki akwai tantani siriri da ya lulluɓe ta, sai cibiya mai tafiyar da aikinta, da jakar ruwa wadda in ta cika take tokare bangon, ganye ya miƙe.

Tantanin nan shi ne mai gadi. Ruwa yana ratsa shi da sauƙi, amma gishiri da sinadaran taki sai ta ƙofofi na musamman, kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma sai ƙwayar ta kashe ƙarfinta kafin ta jawo su. Shi kuwa ruwa ɗabi'arsa ɗaya: ɓangaren da gishiri ya fi yawa yake bi. A ƙasa mai lafiya cikin saiwa ya fi ƙasar kauri, sai ruwa ya shiga. Da Inna ta cika rami da taki, waje ya fi ciki kauri, don takin ma irin gishiri ne, ruwan ya juyo ya fita. Jakar ta motse, tantani ya saki bango, shuka ta mutu da ƙishirwa. Kowace shekara ina nuna wa ɗalibaina haka da albasa da ruwan gishiri.

Da aka yi hutu na koma gida, na ga ba zan kawo mata mikroskop ba. Na yanka kabewa biyu, na barbaɗa wa ɗaya gishiri, muka zauna gindin itacen bedi muna tsinkar zogale. Kafin mu gama, mai gishirin ta yi laushi tana tsiyayar ruwa, ɗayar tana nan garau. Na ce abin da ya samu hatsinta ke nan, babu baki, babu alama. Ta latsa da yatsa, ta gyaɗa kai. Inna ba ta da wuyar gane abu, ta yi shekaru tana yi wa nama gishiri.

Mun sake shuka wake a guraben, ya kama. Rumbu ba zai cika ba bana, amma ba za mu roƙa ba.

Yaya, ka san kai ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai "Yayanku", sai "wancan". Ko maƙwabcinmu mai sunanka, Mai-Rago take ce masa. Ran nan da ta gama latsa kabewar, ta share yatsanta a zane ta ce: "To, na ji na hatsi. Lawali hwa?"

A gabana ta faɗe shi, ba ta ko sunkuyar da kai ba. Na tsorata ƙwarai. Ni ma kewarka nake, ba zan ɓoye ba.

Kada ka aiko da komai. Ka ari waya ko ta wane ce, ka bari ta ji muryarka.

Allah ya tsare ka a rami da hanya, ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya, ya maido ka Inna tana raye. Amin.

Ƙanwarka mai leƙen albasa,
Rabi