Kwalabe Bakwai

Zuwa ga ɗana, Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Mu ma lafiya, sai yatsun da ka sani.

Direbanka ya kawo kwalaben wannan wata. Ka ce idan guringuntsin gaɓa yana cinyewa, ɓurɓushinsa yakan fita a fitsari, injinka kuma yana iya auna shi. Mu bakwai ne tsofaffin da ka rubuta a layinmu, sauran duk ni na shawo maka kansu da bakina. Muna haɗiyar ƙwayar da kake gwadawa, ba ma fashi.

Kuka ɗaya gare ni. Murfin kwalaben nan yana da tauri. Watan farko kai ka buɗe mana da hannunka. Na faɗa maka a waya, ka ce in daure, kana cikin taro. To, ina daurewa.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina tambayar gajiyar hanya, ko da yake zaman minti goma ba ya gajiyar da mutum.

Wata takwas ban sa ka a ido ba. Ka shigo da takardu da baƙi biyu, ka nuna musu ni kamar akuyar sayarwa. Ka ce awo ya sauka a wajenmu duka bakwai, ƙwayarka ta yi aiki. Na miƙo maka hannuna ka ga yadda ɗan yatsan nan ya karkace, ba ka taɓa shi ba. Ka ce ciwon a raina yake, tsufa ne ke son a lallashe shi, lissafi ba ya ƙarya. Da kofin shayi ya suɓuce mini, matarka ta rufe baki da mayafi, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Shekara talatin na yi ina buga tafireta a ofis da yatsun nan, har ka zama abin da ka zama. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ranar nan akwai magana a bakina, na haɗiye ta.

Ka gaida yara.
Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ranar Alhamis za ka tsaya gaban manyan malamanka da sakamakon tsofaffi bakwai, su ba ka babban digiri. Ga maganar da na haɗiye.

Tun wata na biyu babu wadda ta iya buɗe murfin nan a cikinmu. Mun gwada da haƙori, mun gwada da tsumma. Sai muka roƙi maƙwabciyarmu, matar mai gyaran famfo, ta riƙa buɗe mana. Sau ɗaya ta bi gida bakwai tana jiran tsofaffi su ji fitsari, tukunyarta ta ƙone. Daga nan ta riƙa tara kwalaben a bayan gidanta, ta sha ruwa buta guda, ta cika su da kanta. Duk mun sani. Mun ɗauka fitsari fitsari ne, sai ranar da ka ce na warke na gane ɓarnar.

Da ka riƙe hannuna ranar nan, da na faɗa maka tun da sauran gyara. Ka ce lissafi ba ya ƙarya, ni ce mai yi. To, na bar ka da mai gaskiyarka har wata uku.

Kada ka wahalar da kanka wajen yaga wannan takarda. Na aika wa shugaban malamanka irinta tun shekaranjiya. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, da alƙalami ɗaure a yatsa, don ya ga rubutun wadda ta warke.

Matar mai gyaran famfo tana gaishe ka. Shekarunta ashirin da takwas, kuma ta ji daɗi ƙwarai da ka tabbatar mata, har sau bakwai a wata, cewa yatsunta lafiya lau.

Allah ya ba da sa'a ranar Alhamis.
Mahaifiyarka mai ƙaunarka