Mai Rufe Ƙyaure a Bayana

Glencolmcille, ranar Laraba da hantsi

Ya kai Fintan, ya sanyin idona, ya katangar dutsen da iskar teku ta shekara sittin tana duka ba ta ture ba, ya hayaƙin murhun da matafiyi ke hangowa daga kan tudu ya san akwai shayi a gaba. Ya mafi taurin kai a duk mazan Donegal, kuma ka san ba ƙaramar gasa ka ci ba: ina gaishe ka, ina kuma fushi da kai, irin fushin da ya sa alƙalamina ya huda takarda sau biyu kafin in kai ƙarshen wannan layin.

Jiya na shiga masaukin Concepta in duba ko baƙinmu sun manta da wani abu a ɗakuna, kamar yadda nake yi duk ƙarshen zagaye. Tana shafa wa burodi man shanu, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ashe Fintan zai koma Glasgow wurin ƙanwarsa ranar Juma'a, har ya gaya wa mai kamfani kada a sa ran ganinsa baɗi. Ta ɗauka na sani. Duk garin nan ya ɗauka na sani. Fadan coci ya sani, mai sayar da kifi ya sani, ina jin har tumakin Packie Boyle an bi su ɗaya bayan ɗaya an sanar da su. Ni kaɗai, ni da na shekara goma sha ɗaya ina tafiya da kai a bayana, ni ce za a gaya wa a kicin ɗin wata, tsakanin burodi da man shanu! Na karanta littattafan da suka fi duwatsun gonar Packie yawa, na ga matsorata iri-iri a cikinsu, amma ban taɓa cin karo da wanda ya iya fuskantar tekun Atilantika cikin hunturu shekara talatin a jirgin kamun kifi, sannan ya kasa fuskantar mace ɗaya mai gilashin karatu ba.

Ka san aikinmu, amma bari in faɗa maka yadda ni nake ganinsa, tunda ba ka taɓa tambaya ba. A ba mu baƙi goma sha biyu, kwana tara, mu bi da su bakin teku a ƙafa, mu hau keke mu ratsa kwari, mu sa su a kwalekwale su jiƙe su yi ta dariya kamar yara. Ni a gaba, da taswira da baki. Kai a baya, da sanda da jakar magani da shirunka. Manoma sun bar mu mu ratsa gonakinsu bisa sharaɗi ɗaya tak: ƙyauren da aka buɗe a rufe shi. Na gaba ya buɗe, na baya ya rufe. In ka rufe, ka ɗaga hularka sama, ni kuma in waiwayo daga nesa in gani, in san kowa ya wuce, ba ɗan Adam da ya ɓata, ba tunkiyar da ta tsere. Baƙi suna zaton lissafinsu nake yi in na waiwaya. Lissafin me? Na san su goma sha biyu ne tun daga filin jirgi. Kai nake kallo, Fintan. Ƙyaure goma sha bakwai ne tsakanin Kilcar da Ardara ta hanyarmu, kuma sau goma sha bakwai a kowane zagaye nake samun izinin juyowa in kalle ka ba wanda zai ce uffan.

Kuma me nake gani? Ina ganin mutum tsaye a bakin katanga, teku na tafasa a ƙasansa, furen jeji ya rina tudu shuɗi-shuɗi a bayansa, ruwan sama na zuba ta gefen hularsa, shi kuwa ko a jikinsa, yana ɗaure igiyar ƙyaure a hankali kamar mai ɗaura wa jariri zani. Ina ganin hannuwan nan da igiyar jirgi ta cinye, da ba su taɓa barin ƙulli ya kwance ba. Kai ne tsibirin da ba ya gudu in teku ta yi fushi. Kai ne hasken nan da ke tsaga gajimare da la'asar bayan an fid da rai da rana, ya sauka a kan ruwa kamar an zuba narkakken zinari, baƙi su yi tsit, masu ɗaukar hoto su manta da na'urarsu. Ina da bakin da zai iya ba da tarihin kowane kango daga nan har Malin Head, in sa Bajamushe dariya, in sa Ba'amurke hawaye a kan kakan kakansa. Amma in suka koma gida, wa suke aiko wa katin gaisuwa? Kai. Mutumin da bai faɗi kalma hamsin a kwana tara ba.

Na san dalili, don na daɗe da gano dabararka. A kowane rukuni akwai mai nauyin ƙafa, wanda numfashinsa ke yankewa a hawa, kunya ta fi gajiyar cinye shi. Ba ka taɓa ce wa irin wannan ya huta ba. Sai dai igiyar takalminka ta kwance. Sai dai ka ga wani tsuntsu da dole a tsaya a kalla. Sai ka tuna kana son shayi, ka buɗe fulas, ka ce ba ka iya sha kai kaɗai ba. Shekara goma sha ɗaya igiyar takalminka tana kwancewa daidai inda hawa ya yi tsanani, kai da ka iya ƙullin da guguwa ba ta warwarewa! Wane malami ya koya maka wannan? Na koyar a makaranta shekara ashirin kafin in gaji in fito iska, ban taɓa iya ɗaga yaro ba tare da ya ji an ɗaga shi ba.

Ka tuna ranar da hazon teku ya rufe mu a kan dutsen Sliabh Liag, shekara huɗu da suka wuce? Mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga rami zira'i dubu a dama. Na tsayar da kowa, na sa suka zauna a kan ciyawa, ina ba su labarin waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Ban iya hango hularka ba. Sai na ji usur ɗinka sau biyu daga cikin farin nan, sannan ka ɓullo da tsofaffi biyu, ɗaya a kowane hannu. Ka zauna kusa da ni, ka zuba shayi a murfin fulas, ka miƙo mini, ka ce in sha kafin in ƙarar da waliyyan ƙasar nan gaba ɗaya. Na sha rabi, ka sha rabi, daga gefen da na sa bakina. Na lura. Kada ka ce ba ka sani ba, na ga ka juya murfin. Ranar na koma gida na tsaya gaban madubi, mace mai shekara arba'in da tara, mai saki ɗaya da furfura, na ce wa kaina: Nuala Breslin, kin shiga uku.

Yanzu bari in zo inda ke yi mini ciwo, don ban rubuto in wanke kaina ba.

Ranar Asabar, zagayen ƙarshe na bana, muka gangaro ta gonar Packie za mu tsallaka yashi zuwa tsibiri kafin teku ta dawo ta rufe hanyar. Mun makara, agogo na cizona. Na buɗe ƙyaure, na wuce, ban waiwaya ba. Karo na farko tun da muka fara aiki tare, ban waiwaya ba. Da na juyo da na ga ba hula, da na ga abin da ke faruwa a kan tudun. Muka tsaya a bakin yashi minti ashirin da biyar muna jiranka, muna kallon ruwa yana cinye hanyar, har tsallakawa ta gagara. Sai ga ka kana ɗingishi, Doreen 'yar Kanada tana gabanka. Ni kuwa, gaban mutum goma sha ɗaya, na buɗe wannan bakin da ya kashe mini aure ɗaya, na ce: “In kunkuru za mu ɗauka aiki, Fintan, ai da mun nemi mai ƙuruciya.”

Suka yi dariya. Kai ma ka yi, ka taɓa bakin hularka, ka ce: “Gaskiyarki, malama.”

Malama! Ba ka taɓa kirana haka ba sai ranar. Magana zarar bunu ce, na sani, na sha koya wa 'ya'yan mutane haka. Sai ranar Litinin, a bakin motar da za ta kai su filin jirgi, Doreen ta riƙe hannuna ta gaya mini abin da ya faru. Ƙafarta ce ta gurɗe a saman tudun, ta zauna tana kuka, tana cewa ita ce za ta ɓata wa kowa rana. Ka naɗe mata ƙafar, ka ba ta sandarka, ka ce kai dama ado kake yi da ita. Ka gangaro wannan gangaren mai santsi ba sanda, ka kuma koma baya taku hamsin don ka ga igiyar ƙyauren ba ta kama da kyau ba. Ta ce ka roƙe ta kada ta faɗa, don kada a ce ita ta hana mutane ganin tsibiri. Concepta ta cika mini sauran: tun watan Mayu kake aron ledar wake mai ƙanƙara daga firjinta kana ɗorawa a gwiwa duk yamma, kuma likita ya ce sai an yi aiki.

Tun watan Mayu, Fintan! Wata biyar kana taka wuta a bayana, ni ina gaba ina zuba surutu a kan sarakunan da suka mutu shekara dubu. Don me ba ka faɗa ba? Ka ɗauka zan ce a sallame ka? Ka ɗauka ƙafarka nake so? Allah na gani, in ƙafa ce, akwai samari masu ƙafafu kamar barewa da ke neman aikin nan duk bazara, ba ɗayansu da zan ba ajiyar kyanwata. Ina fushi da kai don ka ɓoye. Ina fushi da kai don ka karɓi baƙar maganata kamar hukuncin alƙali, maimakon ka ce mini in rufe baki kamar yadda kowane mai hankali a garin nan ya taɓa yi. Fushin da nake yi da kaina kuwa, wannan ba zai shiga ambulan ba. Ka yafe mini. Ban saba faɗin haka ba, ka adana takardar, wataƙila ba za ka sake gani ba.

Me za ka yi a Glasgow? Ka zauna a bene hawa na shida kana kallon motoci, ƙanwarka tana auna maka gishiri a miya? Kai da ka san lokacin da ruwan sama zai sauko daga yadda tumaki ke juya baya? Za ka bushe kamar ciyawar teku da aka jefa kan kwalta. Ni kuma fa? In buɗe ƙyaure baɗi, in waiwaya, in ga wani yaro yana latsa waya? Gara in jefa taswirar a teku in koma gyara rubutun yara.

Saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Ba abokin aiki nake roƙo ya zauna ba. In ka ga dama ka tuƙa motar kaya, in ka ga dama kada ka sake hawa tudu har abada. A yi maka aikin gwiwar a nan. Gidana ba bene, kuma ina da haƙurin jinya fiye da yadda bakina ke nunawa. Na shekara huɗu ina jira ka yi magana, sai yanzu na gane wautata: kai mutumin baya ne, ba ka taɓa shiga gaba a komai ba, buɗewa aikina ne. To, na buɗe. Ka aure ni, Fintan McGinley. Zan yi maka faɗa kullum, wannan ba sai na yi alkawari ba. Zan karanta maka littattafan da ba ka nema ba. Amma ba zan sake yin taku goma ban juyo na ga inda kake ba, a tudu ko a fili, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu zuwa maƙabartar bayan coci.

Motar hayar da za ka shiga ranar Juma'a tana bi ta ƙofar gidana da ƙarfe tara da minti arba'in. Ka san ƙyauren gidan, koren nan mai tsatsa da kake cewa za ka gyara tun bara waccan. Na buɗe shi yau da safe, na tokare shi da dutse. Tumakin maƙwabcina uku sun riga sun shigo, ina kallonsu ta taga yanzu haka suna cinye mini kabeji, kuma ba zan kore su ba, ba zan rufe ba. Ni ba na rufe ƙyaure, ba aikina ba ne. In ka iya zama a cikin motar nan ka wuce ƙyaure a buɗe, tumaki na ɓarna, to ban san ka ba, kuma na yi asarar shekara goma sha ɗaya. In ba ka iya ba, ka ce wa direba ya tsaya. Ka sauko a hankali, ba tekun da za ta rufe mana hanya. Ka shigo, ka rufe shi a bayanka, ka ɗaga hular.

Ranar Juma'a zan tsaya a bakin ƙofa, fuskata na kallon hanya.

Taka, da fushina da komai, muddin teku na dukan duwatsun nan,

Nuala