Kunnuwan Shanun da ke Zauren Baba

Talata Mafara.

Zuwa ga Yayana Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan sana'a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida da sanda. Shinkafar Bakura ta yi kyau bana, sai dai babu mai natsuwar zuwa ya duba ta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Ni yanzu ban yarda da waya ba, wallahi ko bangon ɗakina ban gama yarda da shi ba. Ka ji an kama ƙanenmu Nazifi, amma guntu-guntu aka ba ka labarin, shi ya sa na ce bari in zauna in warware maka.

Bayan Babbar Sallah aka fito da doka, wai duk mahaucin da zai sayi saniya sai da shaidar dagacin garin mai ita. To, ba mu ƙi ba, tun daga ranar Nazifi bai ƙara sayen ko akuya ba sai da shaidar. Amma shanun da ya sayo a kasuwannin Kaya da Tsibiri tun kafin azumi fa? Lokacin babu doka, babu mai maganar doka. An yanka su, an sayar, mutanen garin nan sun cinye naman har sun manta. A kan su aka kama shi.

Ka san al'adar Baba, Allah ya jiƙansa. Duk saniyar da aka yanka a yanke kunnenta mai tsagar shaida, a sa gishiri a shanya, a zura a igiya a rataye a zaure har shekara ta zagayo, don wanda aka sace wa dabba ya shigo ya duba da idonsa. Nazifi bai taɓa fasawa ba. Sauran mahauta da ke sayar da fata da kai tun jini bai bushe ba, ga su nan a kwata suna harkarsu. Namu mai tsoron Allah, igiyar kunnuwan nan aka kwance aka ce ita ce hujja. Abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, jami'an da suka zo kama shi ba su yi lalube ba. Da shigowarsu suka ɗaga kai sama daidai inda igiyar take, sai ka ce a gidan aka haife su.

Lauyan da muka ɗauka ya tsaya gaban alƙali ya ce tsarin mulkin ƙasa bai yarda a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne ranar da ya aikata shi. Alƙali ya amince, ya ba da umarni a sake shi nan take. Larai matarsa har tuwon shinkafa ta tuƙa. Muka kai umarnin inda ake tsare da shi, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Muka koma, aka ce ya dawo amma yana taro. Da muka sake komawa sai aka ce ai bincike bai ƙare ba. Na tambaye su binciken me, bayan alƙali ya gama magana? Lauya ya taka mini ƙafa. Ya sake shigar da ƙara a kan ƙin bin umarnin, an sa rana bayan wata.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Zubairu dillali, mijin Asabe 'yar Kawu, ya mai da gidanmu wurin zuwa. Mutumin da ko ta'aziyyar Baba a tsaye ya yi ta, yau shi ne mai kawo wa Inna lemo da goro. Ya ce mata wai ya ji daga sama cewa tunda kai ne babba, kuma teburin fawa da sunanka aka san shi, in ka zo ka ce shanun da izininka aka saye su, ranar za a saki Nazifi, kai kuma tambaya biyu za a yi maka ka koma. Na ce masa daga wane saman? Sai ya yi dariya ya ce mata ba su san harkar hukuma ba. Shi ne fa dillalin cinikin Tsibiri, da hannunsa ya haɗa hannun Nazifi da na mai shanun, amma ko kiran shaida ba a yi masa ba. Ban ce shi ya nuna zaure ba, ban gani ba, Allah ya gani. Amma kullum sai ya tambayi wace mota kake shiga in za ka zo gida, kuma ta Bakura kake biyowa ko ta Gusau. Na faɗa wa lauya, ya ce mutanen da ba su ji maganar alƙali ba, bai ga abin da zai sa su cika alkawarin dillali ba.

Inna ta gamsu da maganar Zubairu. Na yi bayani har na gaji, cewa take ba na son ɗan'uwana ya fito. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, amma uwa ce. Za ta kira ka ranar Juma'a, kuma za ta yi kuka.

Ka gaishe mini da Bushra da kyau, da Haidar da Amira, Allah ya raya su. Larai da Goggo Batulu suna gaishe ka.

Jiya aka bar ni na ga Nazifi. Ya rame, amma hankalinsa na nan. Na gaya masa abin da Zubairu ya ce da abin da Inna ke shirin yi. Ya dubi mai gadin, ya sunkuyo ya ce, "Ki ce ma Yaya, ko Inna ta yi mai baki, shi zamna inda yake. Ɗa guda ya ishe ta rashi."

Na isar da saƙo. Wassalam.

Ƙanwarka,
Ummu Hani.