Rufin Fuskar Isuhu

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da ta Malam da yara? Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Damagaram? Mu nan Tamanrasat sai godiya.

Maganar ƙanenmu Isuhu ce ta sa na rubuto. Akwai wani taro da masu son littattafan zane suke yi duk shekara. Da can 'yan samari ne a bayan wani shago, suna musayar littattafai. Yanzu har daga Tazruk ake zuwa, kowa ya yi shigar jarumin littafinsa, ya rufe fuska. Ɗinkin kayan ma ni suke kawo wa.

Bana Isuhu ya ce sai ya je, gashi bai da takardar zama a ƙasar nan. Ya ce mini, "Yaya, ranar kaɗai mutum zai ratsa gari ba a tambaye shi takarda ba. Har jandarma dariya suke."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Al'adarsu ce in za a tashi, kowa ya buɗe fuska a ɗauki hoto. Wa ke ajiye hoton? Na tambayi masu shirya taron, kowa sai murmushi. Kin san Isuhu ba shi da takarda ko ɗaya.

Ban hana shi ba. Na ɗinka masa kayan, amma rufin fuskar na haɗe shi da wuyan rigar, ɗinki biyu, yadda ba zai buɗu ba. Bai sani ba tukuna.

Ki gaida Inna, ku sa mu a addu'a, zaren nan ya riƙe.

Ƙanenki,
Lawali