Zinaren Baba a Bakina

Zuwa ga Yaya Daler,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da Yaya Nigina da yara, Allah ya ba ku juriyar sanyin Surgut. Mu a Istarafshan sai godiya, inabi ya nuna har an fara shanya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar haƙorina. Ka san turmin nan da aka kashe wa jijiya bara. Likita ya ce tun da ya zama fanko, sai an kafa ƙusa a saiwarsa a ɗora masa hula. Inna ta kwance ƙullin da take ajiye haƙoran zinaren Baba, waɗanda aka cire masa a jinyarsa ta ƙarshe, ta ce zinaren gida ba ya fita gida. Ni da rowata na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Aka narkar da su, aka yi hular, aka sa mini.

Yaya, ka tuna yadda Baba ke ƙwanƙwasa haƙori sau biyu a bakin kofi kafin ya kurɓi shayi? Kwana uku da sa hular, da hantsi, na ji ƙarar nan, sai na ga ashe daga bakina ta fito. Na rantse ban yi niyya ba. Inna, wadda tun rasuwarsa take tsakurar abinci kamar tsuntsuwa, ta ɗago ta ce ai ta san ba zai bar ta ta ci ita kaɗai ba. Ranar ta cinye gurasa guda. Yanzu ba ta sa komai a baki sai na zauna a wurinsa na ƙwanƙwasa. Kuma duk lokacin da na wuce maƙabarta zuwa kasuwa, haƙorin da ba shi da jijiya sai ya ɗumame kamar an hura masa numfashi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Makon jiya dasashina ya kumbura. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙusar ta tsaga saiwar, in ba a cire haƙorin ba mugunya za ta ci ƙashin muƙamuƙi. Da na ba shi labarin ɗumin, ya yi dariya ya ce matacce ba ya jin zafi, haƙori ne ko mutum. Ya sa mini ranar Alhamis ta sama.

Ban gaya wa kowa ba, amma jiya Inna ta riƙe haɓata, ba ni take kallo ba, cikin bakina take kallo, ta roƙi Baba kada ya yarda a sake fitar da shi daga gidan nan, jana'iza ɗaya ta ishe ta. Don Allah ka nemi izini a wurin aiki ka zo kafin Alhamis. In na dawo da giɓi, ban san wa zai sa ta ta ci abinci ba.

Ka gaida Yaya Nigina, da Somon da Farzona.

Ƙanwarka,
Mawzuna