Kada a Goge Tsohuwar Kwamfuta Ranar Juma'a

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ci-gaban garinmu, Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, in kwamfuta biyu, tsohuwa da sabuwa, suna ɗaki guda, waya guda ta haɗa su, amma guda ta ƙi ganin guda, sai a goge tsohuwar?

Ina gaisuwa, da fatan iyali lahiya. Ni ne Sanusi, wanda anka ɗauka aiki shagon kwamfuta na ƙungiya wata ukku da sunka wuce. Daga Zugu munka taso ni da Inna. Firamare kaɗai na yi, a yi haƙuri da rubutuna. Sau biyu ina zuwa gida ban iske ka ba, shi ya sa na rubuta nan.

1. Cikin tsohuwar akwai hotunan takardun mutane, na gona, na haihuwa, na makaranta. Wasu na ainihin sun ƙone cikin gidajensu, waɗanga kaɗai sunka rage. Ramin da ake soka mata filas, ɗan abin kwasar bayanai, ya mutu, sai ta wayar da ta haɗa su za a kwashe su zuwa sabuwar.

2. Injiniyan da kunka turo bai yi minti goma ba ya ce sabuwa ba ta jin maganar tsohuwa, za ya dawo Juma'a shi goge ta. Na ce akwai takardu, ya ce ni don shara anka ɗauke ni. Wallahi na ji zahi.

3. Ga abin da na gani. Nan muna kashe janareto kowane lokacin sallah. Duk sadda anka tada shi, kwanan watan tsohuwar sai shi koma shekarun baya, tun ina goye. Jiya na gyara mata rana da agogo don kawai abin ya dame ni, sai ga sunanta ya fito cikin sabuwar! Takarda goma sha ɗaya sunka ƙetara. Munka dawo La'asar, ta sake mantawa, ta ɓace. Na sake gyarawa, ta dawo. Ban san dalili ba, Alhaji. Wani mai gyaran waya ya ce ƙaramin batiri ne a cikinta, kamar kwabo, ya mutu.

Roƙona, a dakatar da gogewar. A ba ni sati guda, a canza batirin, injiniya kuma shi zo shi duba da idonai, ko ni ne ban gane ba. In an kwashe komai, ku yi yadda kunka ga dama da ita.

Allah shi ƙara girma, shi tsare ka bisa hanya, shi ba mu zaman lahiya.

Bari in tahi. Wata tsohuwa na zaune bisa benci tun hantsi, takardar gonar mijinta na cikin waɗanda sunka ƙetara. Zan buga mata takardar, mai mashin na jiranta.

Wassalam.
Sanusi